Akushi Mai Zane Uku

Har yau in na bi ta ƙarƙashin darbejiya sai na tofar da yawu. Jikokina suna yi mini dariya, wai Kaka tana gaba da itace. Su yi ta yi. Ba su taɓa jin warin ganyenta ba in an tafasa shi a tukunyar da ake dafa wa mutum abinci, ba su kuma san abin da ya jawo wa uwar da ta haife ni ba.

Ni ce Barira, 'yar fari a ɗakin Inna Dela. Duk wanda ya zauna a Gwarzo kafin yaƙin Bama ya san furar Dela. Gero ne surfaffe wankakke, da citta da kanumfari da masoro daidai gwargwado, a kirɓa ta har sai ta yi danƙo sannan a mulmula. Nono kuwa wata Bafulatana ce mai suna Asta take kawo mata tun da hantsi. Inna tana da wata al'ada tata. In ta dama wa mutum, sai ta fara kurɓar ludayi guda ta ji ko tsamin ya yi, sannan ta miƙa masa ƙwaryar da ludayin a ciki. Ba wanda ya taɓa yamutsa fuska, wasu ma cewa suke yi albarkar a nan take. Mai fura ba ta da wani jari da ya wuce hannunta. Ran da mutane suka ji ƙyamar hannun nan, ta fita daga sana'a, ta kuma fita daga cikin mutane.

Aminiyarta ita ce Gwaggo Uwaliya. Shekara guda aka kawo su aure unguwarmu, Inna daga Mainika, ita daga Lakwaya. Kullum in an yi azahar za ka ji takunta a zaure, ta shigo tana mitar rana da mitar surukarta, su zauna a inuwar rumbu. Ƙwarya ɗaya, ludayi ɗaya, wannan ta sha ta miƙa wa wannan. Mazansu suka mutu, 'ya'ya suka watse, ludayin nan bai fasa zagayawa ba. Ni a lokacin aurena ya mutu na dawo gida, ni nake yi wa Inna surfe da kirɓi, saboda haka komai a kan idona aka yi.

Sai ƙanena Mato, autan Inna. Shi Turawa suka ɗauka soja lokacin da aka ce kowane dagaci ya kawo samari. Shekaru muka yi ba wasiƙa ba saƙon baki, har Inna ta fara sadakar waina ran Juma'a ba ta faɗin ta mece ce. Bayan an gama yaƙi sai ga shi ya diro daga motar 'yan gyaɗa da akwatin ƙarfe a ka, ya rame kamar sillen kara, wuyansa ya yi tsawo. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta ma dube shi sosai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar ƙwarya, ta zaɓi kindirmon Asta mafi kauri, ta dama masa. Ta kurɓa, ta miƙa.

Ya dubi ƙwaryar ya ce, "Inna, a yi haƙuri, ba na shan wannan yanzu. In da kunu mai zafi a ba ni."

Na ce a raina, to, an fara.

Da aka natsu ya ba mu labari. Wai a ƙasar Indiya, a sansanin da aka tara su kafin a sa su a jirgin ruwa, atuni ya kama shi har ya fid da rai. Likitan soja ya ba shi ƙwaya, ba ta yi ba. Wani tsoho ɗan ƙasar, mai dafa wa sojoji abinci, shi ya kama wuyan hannunsa da yatsu uku, ya sa shi ya fito da harshe, ya canza masa ci gaba ɗaya, sai ga shi ya miƙe. Wannan ban musa ba, tunda ga shi a gabanmu da ransa, Allah kuma ya saka wa tsohon. Amma Mato bai tsaya a nan ba. Ya liƙe wa tsohon yana wanke masa tukwane, ya kwaso rabin karatu da nuni da guntun Turanci, ya ɗauro mana shi tun daga can. Ya ce sunan ilimin Ayurbeda. Wai mutanen duniya kashi uku ne: akwai mai jikin iska, akwai mai jikin wuta, akwai mai jikin majina. Kowanne da abincinsa, kuma abin da yake gina wannan shi yake rushe wancan. Shi mai iska ne, shi ya sa ba ya ƙiba ba ya zama wuri ɗaya, sai dai ya ci mai zafi mai maiƙo, ban da abu mai sanyi.

Ya kama hannuna, ko gama saurare bai yi ba ya ce ni wuta ce zalla, in bar barkono da tsami. Na ce masa ai ba sai ya je Indiya ba, mijin da ya sake ni ya riga shi faɗa. A ranar na ninka barkonon miyata don ya gani da kyau.

Sai ya zo kan Inna. Inna mace ce mai jiki, mai nauyin tashi, gwiwoyinta suna ƙara in za ta miƙe, da asuba kuma takan yi tari ta yi kaki. Duk wata tsohuwa a garin haka take. Mato ya ce majina ce ta cika mata jiki, in ba a tare ta ba ita za ta kwantar da ita. Ya shiga jerowa: ba nono, ba fura, ba man shanu, ba waina, ba rake, ba barcin rana. Sai ɗaci da yaji da ruwan zafi.

Na ce, "Mato, kana jin abin da bakinka yake faɗa kuwa? Mai fura za ka hana wa fura?"

Ya ce, "Yaya, ni na ga mutuwa da idona. Ba zan dawo in tarar da ita da rai ba, sannan in zuba ido ƙwarya ta kashe ta."

Wannan maganar ce ta gama da Inna. Ɗan da ta riga ta yi wa sadaka ya dawo yana tsoron kada ita ta mutu. Ko tsakuwa ya ce ta tauna, taunawa za ta yi. Ta ce, "To, Auta." Daga nan ni na zama mai surutu kawai a gidan.

Abincin nan, Allah kada ya maimaita mana. A lokacin darbejiya ba ta cika gari kamar yanzu ba, 'yan kaɗan ne Turawa suka sa aka dasa a gaban ofishin hakimi, ba wanda ya san ta da wani amfani sai inuwa. Mato ya gan ta ya yi murna kamar ya gamu da ɗan garinsu a baƙon wuri, wai a can ba gidan da ba ta. Kullum da safe sai ya tsinko ya tafasa, har ruwan ya koma kore mai duhu da wani kumfa a sama. Inna ta toshe hanci ta shanye, idonta yana zubar da ruwa. Da rana kuma faten tsakin dawa ne, ba mai, an cika shi da shuwaka da garafuni waɗanda ba a wanke ɗacinsu ba, don wai ɗacin shi ne aikin. In ya huce sai ya yi wata fata a sama, launinsa sak abin da saniya take bari a hanya. Sau ɗaya na ɗanɗana, na wuni ina kurkurar baki. Kajinmu da ba sa ƙin komai, in an zuba musu ragowar sai su zagaye shi su wuce. Man shanun da aka janye daga abincin Inna kuwa a tuwon Mato yake sauka, tunda shi mai iska ne. Ban ce kwaɗayi ne ba, da gaske ya yarda da abinsa. Amma ka zauna ka ga ƙato yana lasar mai a yatsa uwarsa tana haɗiyar shuwaka, sannan ka gaya mini ko ranka ba zai ɓaci ba.

Da a nan abin ya tsaya, da ciki ne kawai zai sha wuya. Sai Mato ya lura ni da Inna a akushi ɗaya muke ci kamar yadda muka saba, kuma miyata mai man shanu tana gangarawa ɓangarenta, ita kuwa ba ta korar ta. Ran kasuwa ya sayo ɗan akushi sabo da ludayi sabo. A soja, in ji shi, kowa da kwanonsa da lambarsa. Ya sa ƙusa a wuta ya yi wa akushin zane uku a baki, ya yi wa ludayin zane uku a mariƙi, ya ɗaura musu ragaya tasu daban a bakin ƙofar Inna, inda duk wanda ya shigo gidan sai ya gani. Ya ce kada kowa ya ci a ciki, kada kuma a wanke su tare da sauran kaya, saboda maiƙo.

Yaron nan a Gwarzo aka yanke masa cibiya. Amma zaman waje ya shafe masa abin da ko yarinya mai tallan gyaɗa ta sani. A garinmu ba a ware wa babba akushi da ludayi a yi musu shaida, a hana shi nono, a dinga ɗura masa ɗaci da sassafe, sai don abu guda: kuturta. Ko sunanta ba a son kira, sai a ce babbar cuta. Da na ga ragayar abin ya zo mini a rai, amma na ce ai kowa ya san Inna, kowa yana ganin yatsunta cif suna mulmula fura.

Kafin akushin nan, in Gwaggo Uwaliya ta zo Mato ba ya gida, Inna takan saci ludayi biyu ko uku su ci gaba da hirarsu. Ranar da aka rataye ragayar yana nan, zaune a kan akwatinsa yana gyaran takalmi. Inna ta dama, ta miƙa wa Gwaggo ba ta kurɓa ba. Gwaggo ta tambaye ta ko lafiya. Kunya ta hana Inna cewa ɗan cikinta ne yake tsara mata ci da karatun mutanen wata ƙasa, sai kawai ta ce an hana ta nono kwana biyu. Tana rufe baki Mato ya taso ya sauko da ɗan akushin, ya zuba mata ruwan citta mai zafi, ya ajiye a gabanta da ludayinsa. Gwaggo ta dubi zanen nan uku. Ta dubi ragayar. Sannan ta dubi hannun Inna, ta gangara da ido har yatsun ƙafarta. Ta ɗan taɓa furar ta ce cikinta a cike yake. Da za ta tafi na ga ta goge baki da gefen mayafi, da ta kai zaure ta sake gogewa.

Washegari ba ta zo ba, aka ce ƙafa ce ta matsa mata. Jibi ma haka.

Daga nan ciniki ya fara janyewa. Yaran da ake aikowa daga gidajen malamai suka fara ɗaukewa, sai masaƙan bayan masallaci, sai fataken da suke yada zango su nemi gidan Dela tun kafin su sauke jakuna. Fura ta kwana, ta yi tsami, ta fara yauƙi, ƙudaje suka samu wurin zama. Mu kwashe mu zuba wa awaki, mu sake daka wata. Asta ta daina shigowa tsakar gida, a zaure take tsayawa, in za ta juye nono sai ta ɗaga ƙwaryarta sama don kada ta taɓa tamu. Baiwar Allah Inna ta ɗauka don ta daina kurɓa ne tsamin yake kuɓuce mata. Ta sa ni nake ɗanɗana mata. Ta canza mai sayar mata da gero, ta ƙara kanumfari. Ba wanda ya fito ya faɗa mana komai. Mutanenmu ke nan: a gaishe ka har ƙasa, a tambayi jikinka a sake tambaya, a yi maka addu'ar Allah ya sa kaffara ne, kai kuwa ba ka san ciwon da ake yi maka jaje a kansa ba.

A Kabo na ji. 'Yar kawunmu Hajaratu ta haihu, Inna ba ta iya doguwar tafiya, sai na je sunan a madadinta da ƙwaryar fura cike, gudummawarta. Da aka fito da tuwo mata suka zauna gungu-gungu, kowane gungu da akushinsa. Ni sai aka shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai wajen turken awaki, aka kawo mini nawa a wani tsohon ƙoƙo mai ɗinki. Na ɗauka girmamawa ce irin ta baƙuwa, har na fara wanke hannu. Ina ɗaga kai sai na hango furar Inna a bayan danga. Wata yarinya ta tuntsurar da ita ƙasa, tana tura ƙwaryar da kara kamar mai ture mushen ɓera. Furar da muka tashi tun asuba muka kirɓa, Inna ta zauna ta mulmula ɗaya bayan ɗaya tana sa wa jaririn albarka.

Na tashi na shiga ɗakin mai jego na ja labule. Hajaratu ta fara kame-kame, na ce mata ban zo jin wannan ba.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya Barira, ba ni na faɗa ba. Ko'ina ana faɗa, har garin Gude an ji. An ce an ware wa Inna akushi."

Na tambaye ta a bakin wa ta ji. Ta ce wata mai daddawa ce, ita kuma ta ji a bakin surukar Gwaggo Uwaliya. Na fito na ɗauki ƙwaryar uwata daga cikin ƙasa da hannuna, na karkaɗe ta a gaban kowa, na ɗora a ka. Ban yi wa kowa sallama ba.

Da na iso gida na tarar da Mato a tsugune gaban tukunyar darbejiyarsa yana juyawa. Ƙafa na sa na kifar da ita, ruwan ya bi tsakar gida yana tururi da wannan wari nasa. Na gaya masa abin da ake faɗa, ban rage masa ko kalma ba. Da fari dariya ya so ya yi, wai jahilci ne, zai je gaban dagaci ya yi wa mutane bayanin jiki uku kowa ya fahimta. Na ce masa ya je, ya ga ko akwai wanda zai sha fura da bayani. Abin da ido ya gani a ragaya baki ba ya goge shi. Sai an ga wani ya sha a ludayinta, wani wanda ba shi da dalilin rufa mata asiri.

Ashe Inna tana ɗaki tana jin mu. Ta fito a hankali tana dafa bango, ta tsaya a rana. Ba ta dube mu ba. Hannuwanta ta ɗaga tana dubawa, ta juya bayansu, ta juya cikinsu, ta matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya karya Mato. Fuskarsa ta koma ta yaron nan da nake goyawa a da.

Ya ce, "Inna, ni lafiya nake nema miki."

Ta ce, "Na sani, Auta." Ta juyo wajena ta ce, "Ke, a surfa gero. Zan fita kasuwa."

Garin neman gira an rasa ido, shi ke nan abin da ya faru. Kafin ranar kasuwar na ɗauko Nata'ala wanzami ya duba ta, ya tsikari fatarta nan da can, ya ce lafiyarta ƙalau, ya kuma faɗa a majalisarsu. Aka ce ai wanzamin gidan ne, shi ya yi wa 'ya'yanta aski, me ake so ya ce.

Ran kasuwa Inna ta ɗaura saƙinta na zuwa biki, ta zauna a tsohon wurinta gindin tsamiya, kusa da Asta. Asta ta gaishe ta da kyau, ta ɗan ja ƙoren nononta gefe. Inna ba ta nuna ta gani ba. Ta ɗauki fura ta dama a babbar ƙwarya da tsohon ludayinta, ta yi bismilla ta sha, ta ƙara. Rabonta da nono tun ran da aka rataye ragaya. Ta miƙa wa Mato. Shi da ya rantse abu mai sanyi ba zai ƙara shiga cikinsa ba, ya karɓa ya yi ta ɗaga ludayi har tana bin gemunsa. A nan dai na yafe masa rabi.

Mutane suka taru suka zagaye mu kamar masu kallon wasan kura. Sai Ƙasimu mahauci ya ce daga baya, "Soja ai ba shaida ba ne. Wanda ya ci biri a dajin Bama, me zai ƙi?" Aka kwashe da dariya. Na karɓi ludayin na sha. Wata ta ce a hankali, amma don in ji, ai 'ya ba ta ƙin uwarta. Na dubi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda furar Inna ba ta taɓa kashe masa yunwa ba, wasu tun suna rarrafe, wasu ma kyauta. Kowa ya naɗe hannu a ƙirji yana jiran wani ya fara. Tir da irin wannan zama.

Kowa a wurin ya san bakin da zai kashe maganar, tunda daga gidansa ta fito. Sai ga Gwaggo Uwaliya ta taho da kwandon kuɓewa a ka. Da ta hango taron ta so ta ratse ta bayan masu tukwane.

Inna ta ce, "Ƙawa."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma mutane suka dare suka ba da hanya. Gwaggo ba yadda za ta yi, ta ƙaraso ta sauke kwando. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gajiya da ta ƙafa, kamar ba abin da ya faru. Sannan Inna ta cika ludayi, ta sha rabi, ta miƙa mata sauran kamar yadda take yi tun suna amare.

Ta ce, "Ga naki."

Gwaggo ta dubi ludayin. Ta dubi hannun da yake riƙe da shi. Na ga ta mayar da nata hannuwan cikin mayafi.

Ta ce, "Azumi nake, Ƙawa. Ramuwa."

Goro yana kumatunta. Haƙoranta ja wur, har da ɗan ɓarɓashi a leɓe, kuma tana gama faɗa ta haɗiye yawunsa. Duk wanda yake wurin ya gani. Ni dai ƙyama ce tsagwaronta ta kama ni, irin wadda ban ji ba ko ran da na ɗanɗana faten Mato. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta dafa ƙafata. Ta ɗan jima da ludayin a miƙe, sannan ta dawo da shi ta shanye sauran.

Ta ce, "Allah ya karɓa."

Ta rufe ƙwaryar da faifai, ta ce mu tashi. Mato ya ɗauki kayan, muka bi ta tsakiyar kasuwa zuwa gida.

Muna shiga na ɗauki taɓarya. Mato da kansa ya sauko da ɗan akushin daga ragaya ya ajiye mini a ƙasa, ya ce in farfasa shi. Inna ta sunkuya da gwiwoyin nan nata ta ɗauke shi, ta goge masa ƙasa da bakin zane.

Ta ce, "Ku bar shi. Daidai cikin mutum ɗaya ne."

Ba ta ƙara yin furar sayarwa ba. Ta koma shan nononta da man shanunta, Mato bai sake cewa uffan ba, amma a ɗan akushin nan take ci take sha, ko ni ba ta yarda in sa hannu a ciki. Sau ɗaya ya yi suɓutar baki ya ce ai dai tarin asuba ya ragu a watannin nan. Kallon da na yi masa ya ishe shi har ya bar duniya.

Damuna ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, yatsun Inna suna nan cif. Maganar ta mutu don kanta, ba wanda ya zo ya ce a yafe masa. Masu cewa Allah ya sa kaffara ne suka koma tambayar yaushe za a ci gaba da fura, wai sun yi kewa. Rannan bayan azahar sai muka ji taku a zaure. Gwaggo Uwaliya ce, ta shigo tana mitar rana kamar jiya ta fita. Da ni ce, da ko tabarma ba za ta samu ba. Inna kuwa ta yi mata maraba da fara'a, ta sa na shimfiɗa musu a inuwar rumbu, ta ce in dama wa Gwaggo a ƙwaryar baƙi. Ita kuma ta miƙa hannu ta sauko da akushinta mai zane uku, na zuba mata nata.

Suka yi hirar surukai da tsadar gero. Can Gwaggo ta cika ludayinta, ta sha rabi, ta miƙo wa Inna sauran.

Inna ta dube ta ta yi murmushi, ta ɗaga nata ludayin.

Ta ce, "Sha abinki, Ƙawa. Ina da nawa."